Ku Tambaya Mu Amsa: Mutum-mutumin Yumɓu, Daga Gini Har Zuwa Ajiya

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke: siffar mutum ko ta dabba da ake ƙerawa da yumɓu a gasa. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, mun kuma taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Assalamu alaikum. Na ƙera kan mutum da yumɓu, girmansa ya kai ƙwallon ƙafa. Na bar shi kwana goma ya bushe, na sa a tanderu. Ko awa biyu ba a yi ba na ji ƙara, da na buɗe washegari na tarar ya tarwatse har ya ɓata aikin wasu. An ce mini iska ce ta maƙale a ciki. Haka ne? (Ɗalibi a sashen zane da ƙira)

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Iska ta daɗe tana ɗaukar laifin da ba nata ba. Ruwa ne ya yi maka wannan ɓarna, kuma lokacin da ka ji ƙarar shi ne shaida. Iskar da aka ɗumama daga zafin ɗaki zuwa digiri 100 na ma'aunin Celsius ba ta ƙaruwa da fiye da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na girmanta. Ruwa kuwa idan ya zama tururi, yana neman wuri kusan ninki 1,700 na wanda yake ciki. Curarren yumɓu mai girman ƙwallo ba ya bushewa a kwana goma. Bayansa ya yi ƙayau, cikinsa kuwa ɗanye shakaf. Da wuta ta haura digiri 100, tururin ya rasa ƙofa, sai ya yi wa kansa. Gurbin iska yana da ɗan hannu a ciki, domin nan tururi yake taruwa, amma busasshen yumɓu mai gurbin iska yakan fito lafiya lau.

Maganin shi ne rarakewa. Ka gama siffar, ka bar ta har ta yi taurin sabulu: farce yana shiga, amma yatsa ba ya lotsa ta kuma ba ta manne wa hannu. Sai ka sa siririyar waya ka yanke saman kan, ta wajen gashi, ka kauce wa fuska domin gyaran mahaɗa a kan ido ko hanci wahala ne. Kafin ka yanka, ja ƴan layuka biyu ko uku da za su ratsa wurin yankan, su za su nuna maka yadda za ka mayar da shi daidai. Ka ƙwaƙule cikin da madaukin waya ko tsohon cokali, ka bar kauri na santimita ɗaya da rabi zuwa biyu ko'ina. Wannan "ko'ina" ɗin shi ne aikin. Kunci mai santimita ɗaya kusa da haɓa mai santimita biyar tsaga ce ke jiran ranarta, saboda ba za su bushe tare ba, ba kuma za su tsuke tare ba. Riƙa soka allura daga ciki kana auna kauri. Inda ba za ka iya ragewa ba, kamar ƙashin hanci da haɓa, ka tsattsaga shi da allura daga ciki, ramuka da yawa, ba tare da ka huda fuskar ba.

Bayan ka mayar da yankin, ka tabbata akwai huda aƙalla ɗaya mai faɗin fensir, a ƙarƙashin wuya ko wani wuri da ido ba ya kaiwa. Idan siffar tana da kogo fiye da ɗaya, misali kai da ƙirji, ka buɗe hanya tsakaninsu.

Wannan dabara ba ta yau ba ce. Kawunan yumɓu na Nok, a Jihar Kaduna, waɗanda aka fara tsinta a 1928 wajen haƙar kuza, kuma shekarunsu sun haura 2,000, yawancinsu rarakakku ne, da huda a ƙwayar ido, a hanci da baki. Sojojin yumɓu na Sin da manoma masu haƙar rijiya suka ci karo da su a 1974 kusa da birnin Shiyan, gangar jikinsu kogo ce, an kuma ƙera kawunan daban sannan aka zura su a wuya.

Sai batun bushewa. Rarakakken kai irin naka yana son mako biyu zuwa uku, fiye da haka idan iska na da laima. Ka ɗora shi a kuncinka ko bayan hannunka. In ka ji sanyi, da sauran ruwa. Abin da ya fi wannan tabbas shi ne sikeli: ka auna yau, ka auna bayan kwana biyu, idan nauyin bai ragu ba ya gama. Ko a hakan ma, kada ka yarda da shi gaba ɗaya. Ka riƙe tanderu a digiri 80 zuwa 90 na awa takwas zuwa goma sha biyu, da kafar leƙe a buɗe. Ka kanga madubi a bakin kafar, in ya yi gumi ka ƙara lokaci. Daga nan ka riƙa hawa digiri 50 zuwa 60 a kowace awa har 600. A wannan tsakanin ne ruwan da ke cikin ƙwayar yumɓun kansa yake fita, kuma a digiri 573 yashin da ke cikinsa yakan kumbura farat ɗaya, ya sake tsukewa a daidai wurin idan ana hucewa. Bayan 600 kana iya hawa 100 a awa har zuwa 1,000 ko 1,060. Kada ka buɗe ƙofa sai zafi ya sauko ƙasa da 100, komai ɗokinka.

Ina ƙera doki da mahayinsa. Kullum hannun mahayin sai ya tsage daga kafaɗa, ƙafafun dokin kuma su dare a tsaye. Na sa waya a ciki don ƙarfi, abin sai ya ƙara muni. (Wata mai karatu)

Malama, wayar ce ta ƙara dagula lamarin. Yumɓu yana tsukewa idan yana bushewa, ya ƙara tsukewa a wuta. Waya ba ta tsukewa. Ƙafa mai tsawon santimita 20 tana son ta rage kusan santimita ɗaya tun kafin ta ga wuta, ƙarfen da ke cikinta ya hana, sai ta dare. Ƙwarangwal na waya na masu aiki da kakin zuma ne, ko filasta, ko yumɓun roba da ba ya bushewa. A yumɓun da za a gasa, duk abin da aka gina a kansa dole ya fita tun yumɓun yana taurin sabulu. Idan sanda ce, ki naɗe ta da takardar jarida ninki uku ko huɗu. Takardar za ta ba yumɓun wurin matsewa, kuma sandar za ta zare cikin sauƙi. Dunƙulen jarida a cikin ciki ba laifi a bar shi ya ƙone, muddin akwai hudar da hayaƙi zai fita.

Tallafin doki daga waje ake yin sa. Ki gina ginshiƙi a ƙarƙashin cikinsa da irin yumɓun da kika yi dokin, ki sa ƴar takarda tsakaninsu don kada su manne. Su bushe tare, su shiga wuta tare. Da yake yumɓu ɗaya ne, tare za su tsuke, ƙafafun ba za su taɓa ɗaukar nauyin jikin su kaɗai ba sai bayan sun gasu. Ginshiƙin bulo ko na katako ba zai yi wannan ba: dokin zai tsuke ya rataya a kansa. Haka kuma ki tsayar da dokin a kan faifan yumɓu ɗanye mai kaurin santimita ɗaya, da ɗan yashi a ƙarƙashin faifan, don ƙafafun huɗu su matso juna ba tare da katako ya riƙe su ba.

Kafaɗa kuwa, abu uku ke tsaga ta. Na farko, haɗa hannu mai laushi da jikin da ya riga ya yi tauri. Hannun yana da sauran tsukewa, jikin ya kusa gamawa. Ki daidaita danshinsu tukuna: ki lulluɓe kafaɗar da jiƙaƙƙen tsumma na ƴan awoyi, hannun kuma ki bar shi ya ɗan sha iska. Na biyu, haɗi na shafe-shafe. Ki kakkarce fuskokin biyu sosai da allura ko cokali mai yatsu, ki shafa damammen yumɓu mai kaurin man shafawa, ki danna kina ɗan murzawa har ki ji ya kama kuma damammen ya fito ta gefe. Sai ki murza siririn yumɓu ki cusa a kewayen mahaɗar ki shafe. Na uku, gaggawar buɗewa. Bayan kowane haɗi, ki rufe aikin gaba ɗaya da leda na kwana ɗaya ko biyu, danshi ya zagaya. In kin fara busarwa, ki bar yatsu, kunnuwa, wutsiya da linzami a naɗe da ƴan guntayen leda, jikin ya riga su shan iska. Rana, fanka da bakin taga duk abokan gaba ne a wannan mataki, domin gefe ɗaya suke busarwa.

Wani abu da ba ki tambaya ba: hannun da ya miƙe waje shi kaɗai shi ne farkon karyewa ko bayan gashi. Idan ya taɓa cinya ko wuyan dokin a wuri ɗaya, ƙarfinsa ya ninka.

Wane irin yumɓu ya fi dacewa? Wanda nake haƙowa yana da santsi da danƙo sosai, na ɗauka shi ne mai kyau. (Mai koyon sana'a)

Mai kyau ne ga ƙaramin kofi, amma ga mutum-mutumi danƙo mai yawa matsala ne. Irin wannan yumɓu yana shan ruwa da yawa, yana tsukewa da yawa, kuma ba ya barin danshi ya fita daga ciki. Yana buƙatar dakakken tsingaro, wato fasassun kayan yumɓu da aka riga aka gasa, a daka a tankaɗe. Tsingaro ya riga ya gama tsukewarsa, don haka yana rage ta sauran, yana buɗe ƙofofin numfashi, yana kuma ba gini ƙashin tsayuwa. Ka fara da awo ɗaya na tsingaro a awo huɗu na busasshen yumɓu. Babban aiki yana ɗaukar har ɗaya cikin uku. Wanda ya taɓa duba ɓallin aikin Nok kusa zai ga yumɓun cike yake da tsakuwoyi ƙanana. Da gangan ne.

Gwaji biyu kafin ka zuba wahalarka a kan yumɓun da ba ka sani ba. Ka murza shi kamar kaurin yatsa ka naɗa a yatsanka: idan ya karye, yashi ya yi yawa, idan ya lanƙwasu da ƴan tsage-tsage ƙanana, ya yi. Sannan ka yi ɗan allo mai tsawon santimita 12, ka ja layi na santimita 10 cif a kansa, ka auna bayan ya bushe, ka sake aunawa bayan gashi. Idan layin ya koma 8.8, yumɓunka na tsukewa kashi 12 cikin 100. Kana son siffa mai tsayin santimita 30, sai ka raba 30 da 0.88, ka gina ta a kan 34. Jan yumɓu na ƙaramar wuta yawanci yana tsukewa ƙasa da kashi 10, na babbar wuta 10 zuwa 13, farin yumɓun tangaran yakan wuce haka.

Ka kuma kula da fararen tsakuwoyi na farar ƙasa. A wuta suna komawa ɗanyen laim, bayan kwanaki ko makonni su sha laimar iska su kumbura, sai ka ga ɓalli ya yi tsalle daga goshin aikin da ka riga ka gama, da ɗigon fari a tsakiyar ramin. Rigakafin shi ne ka jiƙa yumɓun ya narke, ka tace da rariya mai ƙananan ido, sannan ka tsane shi.

Aikina ya bushe sarai sai na ga siririyar tsaga a wuya. Na cike da ɗanyen yumɓu, ta dawo.

Za ta dawo, domin cikon ya tsuke ya bar gurbi. Ka faɗaɗa tsagar da tsinin wuƙa, ka jiƙa bakinta da burushi, ka cike da garin busasshen yumɓun da aka kwaɓa da ruwa kaɗan da jiƙaƙƙiyar takardar bayan gida da aka dame; zaren takardar yana riƙe cikon. Ka maimaita sau biyu ko uku. Wannan na ƙaramar tsaga ne. Wadda ta ratsa kauri gaba ɗaya a wurin da ke ɗaukar nauyi wuta za ta ƙara buɗe ta, gara a jiƙa yumɓun a sake gini. Wanda bai shiga wuta ba bai yi asara ba.

Bayan gashi, gilez zan sa ko fenti? Na gwada gilez mai sheƙi, fuskar ta zama kamar an zuba mata ruwa, duk layukan da na sha wahala a kansu sun ɓace. (Malamar koyar da zane)

Malama, a ra'ayinmu gilez mai kauri bai cika yi wa fuska adalci ba. Gilashi ne narkakke, yana gangarawa ya cike kwarmin ido da tsagin leɓe, sheƙinsa kuma ya hana inuwa zama. Idan kina son wuta ta ba ki launi ba tare da ta cinye zanen ba, ki dama ƙaramin cokali ɗaya na jan garin tsatsar ƙarfe a rabin kofin ruwa, ki shafe aikin da aka yi wa gashin farko, ki goge da jiƙaƙƙen soso. Launin zai zauna a ramuka ya bar tudu, ki sake gasawa. Wata hanya ita ce dirza aikin da santsin dutse ko bayan cokali tun yana taurin sabulu; yana ba da sheƙi mai laushi kamar na fata, amma yakan dushe idan wuta ta wuce kusan digiri 1,000.

Fenti bayan gashi ba abin kunya ba ne. Sojojin Sin ɗin nan da muka ambata fentinsu aka yi da launuka masu haske a kan shafin ƙaro, sai dai da aka tono su shafin ya bushe ya nannaɗe cikin mintuna, launin ya zube. Ki yi amfani da akirilik da aka tsinka da ruwa, shafi siriri sau uku ya fi mai kauri sau ɗaya, sannan ki bi da ɗan kakin goge katako marar launi.

Idan dai gilez ɗin ne, ki sa shi a tufafi da gashi ki bar fuska da hannuwa. Ki goge ƙasan aikin tas, har da rabin santimita daga ƙasa zuwa sama, in ba haka ba ya manne da shimfiɗar tanderu. Ki tabbata zafin da gilez ɗin yake so ya dace da na yumɓun: jan yumɓun ƙaramar wuta da aka kai digiri 1,220 ko 1,280 yakan kumbura ko ya narke ya zube. Kuma ki guji duk gilez mai darma, musamman a ajin yara.

Ina da mutum-mutumin jan yumɓu marar gilez. Ya yi ƙura, kuma wani farin gari kamar gishiri yana fitowa a gindinsa, har bayan ya fara ɓarɓashi. In wanke shi? (Dattijo mai sha'awar tara kayan ƙira)

Baba, a dakata da wankin. Yumɓu marar gilez kamar soso yake. Ruwa zai kwashi dauɗar ya shige da ita ciki, sabulu kuma ya bar tabo. A share ƙura da burushi mai laushi, irin na masu zane, daga sama zuwa ƙasa. A guji tsumma, domin zarensa yana kama yatsa ko kunne ya ɓalle. Mai gilez lafiyayye kuwa ana iya goge shi da auduga mai ɗan danshi, amma ba a tsoma shi a ruwa idan an taɓa liƙa shi ko gilez ɗin yana da tsage-tsage.

Farin garin gishiri ne da gaske. Ya shiga ne daga ƙasa, ko daga simintin da aka ajiye aikin a kai, ko yana cikin yumɓun tun asali. Idan iska ta yi laima sai ya narke, idan ta bushe ya sake daskarewa a ƙarƙashin fatar aikin, yana turo ta waje. Wannan kai da komowa ne ke ci. A ɗauke shi daga ƙasa a ɗora kan katako ko shelf, nesa da bango mai danshi, a ɗakin da laimarsa ba ta yawan hawa da sauka. A kakkaɓe garin a bushe. Kada a shafa masa vanish ko fenti don a rufe. Gishirin zai taru a ƙarƙashi ya ɗago shafin da fatar gaba ɗaya. Akwai hanyar cire gishiri ta jiƙawa a tataccen ruwa ana canzawa, amma aikin masu gyaran kayan tarihi ne, domin wanda bai gasu sosai ba yana iya narkewa.

Wajen ɗauka, hannu biyu, ɗaya a ƙarƙashin gindi. Ba a ɗaga shi ta kai ko hannu, a nan mahaɗa take. A cire zobe da agogo tukuna.

Kan ya karye gida uku. Wane gam zan sa, kuma zan iya mayar da shi wuta ya haɗe?

Wuta ba ta haɗa karyayyen yumɓu, gam ɗin ne kawai zai ƙone. Kafin ka taɓa gam, ka tattara ɓallayen har da ƙanana, kada ka riƙa goga bakinsu da juna don gwaji, suna cinyewa. Ka jera su a bushe da salatif ka gano wanda zai fara shiga. Sau da yawa idan aka liƙa manya biyu, na ukun ya rasa hanya.

Masu gyara a gidajen tarihi sun fi amfani da wani gam mai suna Paraloid B-72 da aka narkar a sinadarin asiton, saboda ba ya rawaya kuma ana iya warware shi da asiton idan an yi kuskure. A yumɓu mai shan ruwa, a fara shafa tsinkakkensa a bakin karayar ya bushe, sannan a sa mai kauri. Efoksi mai haɗi biyu ya fi ƙarfi, ya dace da tangaran da yumɓun babbar wuta, amma warware shi wuya ne, kuma ya fi jan yumɓu ƙarfi, don haka in aikin ya sake faɗuwa sabon wuri zai karye a gefen tsohon. Sufa gulu yana kamawa kafin ka daidaita, yumɓu mai ƙofofi kuma yana shanye shi.

Gam kaɗan ake sawa, a gefe ɗaya, siriri. Mai yawa yana raba ɓallayen, kuskuren ya taru har na ƙarshe ya ƙi zama. Ka cika kwano da busasshen yashi, ka binne aikin a ciki yadda karayar za ta kwanta a miƙe tana kallon sama, ka ɗora ɓallin nauyinsa ya danne shi. Ka bi mahaɗar da farce: idan farcen ya tuntuɓe ta gefe ɗaya, bai zauna ba, ka gyara tun gam bai kama ba. Ɓalli ɗaya a rana, ka bar kowanne awa 24 kafin na gaba.